Shekarar da Innarku Ta Dubi Kulu

Kun sha tambayata abin da ya sa dangin Innarku na rugar gabashin Bukkuyum ba sa zuwa mana suna ko biki, ni kuma na sha ba ku amsar da ba amsa ba. Kwanaki na ji ɗayanku yana gaya wa matarsa wai rigimar shanun gado ce. Ban san inda ya samo wannan ba, ko da yake tun yana ƙarami na san shi da iya cike gurbin abin da bai sani ba. Babu saniya ko ɗaya a cikin maganar. Tunda Innarku ta riga mu gidan gaskiya, Yayarku Kulu kuma ba ta son a tayar da zancen, ni ne na rage in faɗa, kuma zan faɗe shi yadda ya faru.

Kulu ce 'yarmu ta fari. Kun san kunyar ɗan fari, amma wadda kuka sani ta yanzu ce, wadda uwa za ta ƙi faɗin sunan yaro da safe, da yamma a gan ta tana yi masa rawa a cinya. Ta gidan su Innarku ba haka take ba. Baffa Manu, ƙanen mahaifinta wanda ya riƙe ta tun tana marainiya, a kan filako, kunyar Fulani irin ta da, ya tashe ta. Uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta dubansa ido cikin ido, in ya faɗi a gabanta sai dai wani ya ɗaga shi. Mu Hausawan Gummi muna da tamu kunyar, ni ma ban taɓa ɗaukar Kulu a gaban mutane ba, amma tamu kusa da tasu wasan yara ce. Da aka yaye Kulu sai aka miƙa ta ɗakin mahaifiyata, wadda muke kira Tsohuwa. Tsakar gida ɗaya, ɗaki na kallon ɗaki. Ba wanda ya ga aibi a nan, haka aka yi wa kowa.

Tana wajen shekara uku sanƙarau ya shigo gari. Ya ɗauki yara da yawa a unguwarmu, ita ya bar mana ita, ya tafi da jinta. 'Yan kalmomin da ta fara koya suka bi shi a hankali. Tsohuwa mace ce da ba ta iya zama shiru ba, ko da kaza ce a gabanta sai ta ja ta da hira, don haka ba a daɗe ba ita da jikarta suka ƙirƙiri maganarsu ta hannu. Ba wanda ya koya musu. Suna da alamar shinkafa, da ta gulbi, da ta zafi, da ta ƙarya, suna da sunan kowa a unguwa, har gulma suke yi a gaban mutum yana tsaye bai sani ba.

Abin da ba mu lura da shi ba shi ne wannan. Ɗan fari mai ji, ko uwarsa ba ta dube shi ba, muryarta na isa gare shi. Tana daka za ta ce wa iska, a gaya wa wancan ya sa riga sanyi ake yi, yana kusa yana ji, ya san da shi ake, ya san kuma ƙauna ce ta biyo ta bayan gida. Waɗanda suka kafa al'adar sun bar wannan ƙofa a buɗe. Kulu ba ta da ita. Maganar hannu sai an fuskanci juna, sai ido ya shiga ido. Innarku ta yi ta aika saƙonninta ga iska shekara da shekaru, tana ware wa yarinyar tsokar kifi mai kyau ta tura ta hannun Tsohuwa, ita kuwa Kulu ba abin da ta gani sai wata mata a ɗakin can da ke ba ta baya.

Ni a lokacin fataucin banda nake yi. In saya a bakin gulbi wurin masunta, in kai Bukkuyum, in kai Anka, wani sa'in har gaba. A mako kwanana a gida bai taka kara ya karya ba.

Zamanin ne gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare. Mai unguwa ya bi gida gida, aka rubuta Kulu tare da sa'o'inta, ba wanda ya tambayi ko tana ji. Ta yi shekara biyu a bayan aji tana kallon bakin malami na motsi. Abin da ta ƙware a kai shara ce, don ita ake miƙa wa tsintsiya. Daga nan, ba da daɗewa ba bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula, aka turo wani malami mutumin Anka, Malam Garba, wanda ya je kwas can kudu ya koyo koyar da kurame. Ya bi azuzuwa ya tsinto su, ba su cika yatsun hannu biyu ba. Hedimasta ya ba shi ɗakin da ake tara karyayyun bencina. Kafin ya fara sai ya ce a kira iyaye, muka zauna a gindin darbejiyar makaranta.

Wani mahauci ne ya fara magana, ɗansa na cikinsu.

"Malam, ni ba ni son a ware min ɗa. Yanzu shina cikin 'yan'uwanai, ba mai nuna shi. Ran da kas sa su ɗaki guda, an sa musu suna ke nan. Ajin bebaye. Har su tsuhwa da shi za a kira su."

Wani masunci ya ce, "Nau ya iya taru, ya iya tuƙin jirgi. In don ta ni ta, a sallame shi gaba ɗai. Zaman mi shi kai nan?"

Wani kuma ya ce shi tsoronsa kada a wayi gari a kwashe su a mota a kai Sakkwato, a ce can ne makarantarsu. Malam Garba ya bar kowa ya gama. Ya ce wa mahauci sunan an riga an sa, a bayan ido ake faɗa. Ya ce ba inda za a kai kowa. Sai na'ibin masallacinmu, wanda jikarsa kurma ce, ya ɗaga kai.

"Ka iya koya musu sallah?"

"Alwala da sallah, da sanin Wanda ake yi dominSa, in Allah Ya yarda," in ji Malam Garba.

Wannan ce ta kashe gardamar, ba bayanin karatu ba. Masunci dai ya cire ɗansa, sauran suka bari. Ra'ayina a lokacin shi ne yarinya tana zuwa makarantar ko ta yaya, ko wannan ɗaki ko wancan, aƙalla a nan za ta huta da tsintsiya. Amma Malam Garba yana da sharaɗi. Ya ce kowane gida sai an sami babban mutum guda da zai riƙa zuwa da la'asar ran Laraba, bayan yara sun tashi, ya koyi abin da ake koya musu. Ya ce in yaro ya koma gida da magana babu mai amsa masa, wahalar banza aka yi. Ya ce matarsa za ta riƙa zama a ɗakin saboda mata, ita ma ta iya.

Tsohuwa ce ta fara zuwa mana. Ta je ta gyara wa malamin wasu alamominsa, ta ce nata sun fi ma'ana, shi kuma mutum ne mai sauƙin kai, ya karɓi wasu. Sai dai a bazarar nan yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farko ta ce hayaƙin murhu ne. Kafin ruwan farko ta daina ganin hannun Kulu daga nesa, sai yarinyar ta zo gab da fuskarta. Daga baya sai ta kama hannuwan ta lalube su, rabi ta gane, rabi ta yi kamar ta gane. Ƙafafunta kuma suka fara kumbura. Ni na gwada zuwa ajin sau 'yan kaɗan in Laraba ta same ni a gari. Na iya gaisuwa, na iya zo, na iya tafi, na iya kifi. Matar malam ta ce hannuna kamar na mai korar ƙuda. Ku kuma lokacin mai bi wa Kulu bai wuce shekara huɗu ba. Lissafin ba shi da wuya: mutum ɗaya ne a duniya ke jin Kulu a gida, kuma tana kan hanyarta ta tafiya.

Wata rana da hantsi ina tsakar gida ina ɗaure kwandunan banda, Tsohuwa ta kira Innarku daga bakin ɗakinta.

"Ke ɗiyar Hillani, zaka nan."

Innarku ta zo ta durƙusa.

"Idona ya tahi. Yau hannunta ni ka lalube, gobe ko shi ba ni iyawa. Ni uwar mijinki, na ɗauke miki kunyag ga. Ki tahi makaranta."

"Inna, ba ke kinka aza mini ita ba."

"Na jiya. To kin san sunanki wurinta?"

Innarku ta girgiza kai.

"Ubanta, hanci ta ka toshewa, don warin banda. Ni, haƙora ta ka nunawa, don goro. Ke kau, ga naki."

Tsohuwa ta ɗora tafin hannu a kumatunta, ta tura fuskarta gefe guda.

"Ba da ƙeta tas sa miki shi ba. Abin da tag gani na."

Innarku ta tashi ta koma ga turminta. Ta gama dakan, ta yi tankaɗe, ta ɗora tukunya. Sai washegari ta ce mini tana son in raka ta ruga. Ita mace ce mai bin tsari, ba za ta taka abin da Baffa ya shimfiɗa ba sai ta tambaye shi.

Muka shiga a-kori-kura har Bukkuyum, sauran hanyar muka taka. Baffa Manu ya sa aka dama mana fura, ya tambayi Tsohuwa, ya tambayi kasuwa. Innarku ta yi masa bayani da Fillanci, kanta a ƙasa. Ya amsa da Hausa don in ji.

"Ummaru, ban ƙi ta taku ba. Amma makarantar da ka hwara da cire ma uwa kunya, ban san mi za ta ƙare da shi ba. Ku kawo min ɗiyar. Ga goggonninta nan, ga shanu. Ta koyi tatsa, ta koyi burkar nono, ba mai cewa ta buɗe baki. Ni ka riƙonta awa yadda nir riƙe uwatta."

Ina son ku gane cewa ba mugun mutum ba ne, kuma tayin da ya yi na gaskiya ne. Da mun kai ta da ta ci ta ƙoshi, ba mai taɓa ta. Innarku ta tambaye shi, in abu ya dami yarinyar a rai wa za ta gaya wa. Ya ce Allah na nan. Ya daɗe yana kallon sandarsa, sannan ya yi mata iyakar sassaucin da yake da shi.

"In kin nace, ki yi abinki inda ba ni gani. Kak ki bari idona shi gani, kak ki bari a taru a gani. In anka gani, ba ni da ɗiya Gummi."

Da wannan muka dawo. Ran Laraba Innarku ta yafa mayafi ta bi ta bayan gida ta tafi makaranta. Kulu na ɗakin Tsohuwa tana matsa mata ƙafa, a zatonta barka ko gaisuwa uwarta ta tafi. Matar malam ta ce ba ta taɓa ganin mai saurin ɗauka irinta ba, yatsun da suka saba da tatsa ba sa gardama. Damina ba ta raba ba ta wuce duk iyayen da ke zuwa. Na taɓa leƙawa bayan ɗaki na same ta tana yi wa kaji bayani da hannu, da gaske, har da ɗaure fuska. Da ta gan ni sai ta yi kamar tana karkaɗe zane.

Amma ba ta yi wa Kulu ba. Baffa ya ce a ɓoye, ɗakinta kuwa yana da ƙofa, ba abin da ya hana ta jawo yarinyar ciki ta rufe. Ba ta iya ba. Hannu ya koya, wuya ya ƙi. In Kulu ta gifta, kan Innarku na juyawa da kansa kafin ta yi shawara da shi. Tsohuwa ta yi ta yi mata tsiya, ta ce ko sai kajin sun gama karatu za a zo kan mutane. Kullum amsarta ita ce gobe. A can makaranta kuwa Kulu ta fara rubuta sunanta, ta iya alwala, tana dawowa da labari cike da hannu, ta zube shi a tafin tsohuwar da ba ta gane rabinsa. Na ga ranar da ta gaji da maimaitawa, ta janye hannunta ta zauna tana kallon bango. Abin ya taɓa ni ƙwarai, na fita zaure.

Ana cikin yankan shinkafa Tsohuwa ta cika, da safe, bayan Kulu ta tafi makaranta. Ba wanda ya yi tunanin a je a ɗauko ta. Aka yi wanka, aka yi sallah, muka kai ta muka dawo kafin azahar. Ranar kasuwa ce, Baffa Manu yana kara, kasuwar shanu, ya kawo bijimi, a can ya ji, ya zo da mutanensa ya zauna a zaure cikin masu gaisuwa.

Kulu ta shigo da allonta ta ratsa maza ta shige ciki. Ta sami ɗaki a share, an naɗe tabarma. Ta fito ta bi mata ɗaya ɗaya tana jan mayafinsu, tana nuna haƙoranta, wato ina Tsohuwa. Wata ta rungume ta tana kuka. Wata ta nuna mata sama. Wata, da nufin alheri, ta nuna mata hanyar da aka bi da gawa. Yarinyar ta ɗauka an kai kakarta asibiti ko tasha, ta yar da allo ta nufi waje da gudu. A zaure na tare ta. Tana fizgewa tana tambayata da hannu, ni kuwa abin da na mallaka gaisuwa ce, da zo, da tafi, da kifi. Wani ya ce a aika a kira Malam Garba.

Ba a kai ga aikawa ba Innarku ta fito. Matar da maƙwabtanmu da yawa ba su san kamanninta ba, sai ga ta a tsakiyar zaure cike da maza, Baffa yana zaune kamu uku daga inda ta tsaya. Ta gan shi, ba wai ba ta gan shi ba. Ta durƙusa a gaban Kulu, ta kama haɓarta ta juyo da fuskarta, ta dube ta. Sannan ta saki, ta fara. Ban gane duka ba, daga baya ta fassara mini. Ta ce Tsohuwa ta mutu. An yi mata wanka, an yi mata sallah, an rufe ta. Ba tafiya ta yi ba, ba za ta dawo ba. Ba ta sha wuya ba. Ta ce daga yau ɗakina za ki kwana.

Kulu ba ta yi kuka nan take ba. Hannuwan uwarta ta tsaya kallo, sannan ta yi tambaya guda. Tun yaushe kika iya?

Innarku ta ba ta amsa. Tun farkon damina.

Sai yarinyar ta dunƙule hannu ta shiga dukan ƙirjin uwarta, da ƙarfinta duka, tana wani irin sauti da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na miƙa hannu zan janye ta, Innarku ta girgiza mini kai. Ta tsaya a durƙushe tana karɓa, idonta a kan yarinyar, har ƙarfin ya ƙare, Kulu ta kife a jikinta.

Baffa Manu ya miƙe. Bai jira an shafa fatiha ba, ya sa takalmansa, mutanensa suka bi shi. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, bai kuma sake taka gidan nan ba. Da aka haifi na ukunku mun aika da goro, aka dawo mana da shi. Ba mu sake aikawa ba.

Ajin Malam Garba bai yi tsawon rai ba. Bayan 'yan shekaru aka yi masa canjin wurin aiki, ba a turo wani ba, karyayyun bencina suka koma ɗakinsu. Mahaucin nan da ya fi kowa ƙin ajin, shi ya fi kowa zirga-zirgar neman a dawo da shi, bai samu ba. Kulu ta fita da karatu da rubutu daidai gwargwado, da sallarta, da uwar da suke raba dare da rana suna hira, har ku kuka tashi kuka iya maganar hannu ba tare da kun san lokacin da kuka koya ba. Ku kun ɗauka haka gidan yake tun asali.

Kulu ta yi aure ta haihu kafin Baffa ya rasu. Ba a aiko mana ba, a kasuwa na ji. Innarku ta ce za ta je, na raka ta. Suka karɓe ta da ladabi, suka shimfiɗa mata tabarma a inda ake ajiye baƙi, nesa da 'ya'yan gida. Matar da ta tashi a rugar nan, ta san sunan kowace saniya da uwar da ta haife ta, aka kawo mata ruwa a kwanon baƙi. Ta yi gaisuwarta, ta yi masa addu'a, muka juyo. Ta yi kuka a hanya, don tana ƙaunarsa, shi ne uban da ta sani.

Da muka kusa titi na tambaye ta ko ta taɓa yin da-na-sani. Ban saba yi mata irin wannan tambaya ba, ita ma ba ta saba amsawa ba. Muka yi tafiya kaɗan tana gyara mayafi.

"Na yi, Malam," ta ce. "Damina guda ina da magana a hannu, ɗiyata na gilmawa gabana, ban ba ta ba. Shi ɗai na."